Buhun Furannin Mama Susanna

A layin da ke bayan kasuwar Samaru, inda hanya ta fara gangarawa wajen Bomo, akwai wani gida mai jan ƙyaure da ko baƙon ɗan acaɓa ya san shi. Gidan Mama mai fulawa ake ce masa, fulawa ta fure, ba ta burodi ba. Sunanta Susanna, ta ba sittin baya, gajera ce, tafiyarta kullum kamar ta wadda ta bar tukunya a kan wuta. Daga ƙasar Kachia aure ya kawo ta Zariya. Mijinta, marigayi Shekari, lebura ne a lambun makarantar aikin gona. Shi ya fara kawo mata irin furanni a aljihu, ƙulle cikin takardar ƙosai, yana faɗa mata sunayensu da Turancin da shi ma a bakin wasu ya tsinta. Sunayen ba su zauna mata ba, sai ta raɗa musu nata. Shekari ya rasu, 'ya'ya suka watse, aka bar ta da kunun ayar da take sayar wa ɗalibai, da 'yan awakinta, da ɗan lambu a bayan gida.

Da kuma bagaden cocinsu, teburin nan na ibada da ke gaban jama'a. Shi ne abin da take ji nata ne na gaske a duniyar nan. Tun tana goye da autarta Diana ita ke yi masa ado, ba da ɗanyen fure ba, da busasshe. Ba wanda ya naɗa ta. Wata Asabar ce ta shiga shara ta ga teburin fayau, ta koma gida ta ɗebo, shi ke nan aiki ya zama nata. Fastoci sun zo sun tafi, an rushe ginin laka an yi na bulo, amma tulunanta biyu na ƙasa suna nan, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ba da ido take zaɓen fure ba, da kunne ne.

"Fure iri biyu ne," takan ce wa duk wanda ya tsaya a bakin dangarta. "Akwai mai ruwa, akwai mai takarda. Kama shi, kai kunne, murza a hankali. In ya yi maka ƙaras-ƙaras tun yana jikin uwarsa, wannan zai tsufa da mutuncinsa. In ya jiƙa maka yatsa, ƙyale shi ya yi kwalliyarsa ta kwana biyu ya mutu."

Wardi, duk da sunan da ya yi, in ya bushe sai ya sunkuyar da kai ya yi baƙi kamar ƙonanniyar albasa. Babban jan furen nan na bakin shinge mai kama da furen kuɓewa, shi ko la'asar ba ya kaiwa. Na kirki a wurinta su ne zankon zakara, ja wur, mai laushin karammiski. Da maɓalli, ƙanana kewayayyu masu ruwan hoda da shunayya. Da wanda take kira ɗan ƙaiƙayi, mai ruwan ɗorawa da ruwan goro, wanda yake ƙara a hannu tun yana ɗanye. Takan haɗa da na daji: kan kyasuwa kafin ya fashe, da zangarniyar jar dawa da manoman Bomo ke bar mata.

Yankan ma da ƙa'idarsa. Sai ruwan sama ya ɗauke, sai raɓa ta bushe da hantsi, kuma tun furen bai gama buɗewa ba, don a rataye yake ƙarasa buɗewa. Ta zage ganye, ta ɗaure dami-dami da robar tsohon tayan keke, saboda kara yana ramewa in ya bushe, igiya takan sake shi, roba kuwa tana binsa. Sannan ta rataye su kai ƙasa a ɗakin da Shekari yake ajiye kekensa, ta toshe taga da buhu, iska na shiga ta saman bango, haske ba ya shiga. Rana, a cewarta, tana busarwa amma ba kyauta take yi ba, da launi ake biyanta.

A damina ta bara ne magana ta tashi a taron zumuntar mata. Marvellous ce ta tayar da ita, 'yar ɗaya daga cikin dattawan coci, yarinya mai sana'ar ƙawata wuraren biki, mai baki kamar reza.

"Uwar Zumunta, ni ba raini ba," ta ce, tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Amma in baƙi suka zo suka ɗauki hoto, bagadenmu sai ka ce bakin rumbu. Busasshiyar ciyawa a gaban Ubangiji? Ga fulawar roba nan a Sabon Gari, an gama komai, sai dai a jera."

Mama Susanna ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. "Ciyawa? Ke Marvellous, ranar da aka yi miki baftisma, wace ciyawa ce a bayanki a hoton?"

"Ai ita ce dai wannan ɗin, Mama. Ba a canza ba."

Mata suka kwashe da dariya, wasu suna rufe baki da littafin waƙa.

"Ƙarya kike yi, 'yar nan! Kowace kaka sabo nake kawowa. Da hannun nan na karɓe ki ranar da aka haife ki, yau ke ce za ki koya mini gyaran ɗakin Allah?"

"Mama, ki yi haƙuri, zamani ne."

Uwar Zumunta ta buga tafi sau biyu, aka yi shiru. Mace ce da ba ta son a tashi taro da ɓacin rai, don haka ta raba gardamar yadda take raba shinkafar biki. "Godiyar kaka tana tafe," ta ce. "Mama za ta yi bagade yadda ta saba. In jama'a sun gamsu, magana ta mutu, kada in ƙara jinta. In ba su gamsu ba, daga Kirsimeti Marvellous ta karɓa. Mu yi addu'a."

Mama Susanna ba ta rufe ido ba a addu'ar nan.

Sai kuma Allah ya ba ta kakar da ba ta taɓa gani ba. Zankon zakara ya fito kamar tafin hannun namiji, maɓalli ya rufe kunyoyin lambu, ɗan ƙaiƙayi da ya saba yi mata rowa ya yi kamar an roƙe shi. Da ruwa ya ɗauke ta yanke su kaf, ba ta bar ko ɗaya na gani ba. Ɗakin keke ya cika har sai ta sunkuya take shiga. Takan tsaya a cikin duhun, hannu a ƙugu, ta ce a ranta, Marvellous, za ki ga ciyawa.

Kwana biyu da ratayewa surukinta Othniel ya bugo waya. Naƙuda ta zo wa Diana da gardama, an kai ta asibiti a Shika, an ce sai aiki. Mama Susanna ta zuba zannuwa a jaka, tana neman takalmi ɗaya. An yi dace ƙanenta Sati yana gidan, ya kawo citta kasuwa daga ƙauye yana jiran dillali. Manomi ne na ƙwarai, mutum mai tsoron Allah da tsoron yayarsa, wanda ba ya iya zama ba aiki.

"Sati, ga gida nan. Ka ba awaki dusa. Fulawar da ke ɗakin keke kuma, ka kula mini da su, bushewa suke yi. Kada su lalace, ka ji? Raina na kansu."

"Yaya, ki tafi kawai. Busarwa ai aikina ne."

Ta ji maganar, amma hankalinta yana Shika.

An yi aiki, an sami ɗa namiji, amma jikin Diana ya ƙi daɗi. Zazzaɓi ya shiga, ɗinki ya yi ruwa. Mama Susanna ta yi kusan mako uku tana kwana a tabarma a barandar asibiti, tana wanki, tana dama kunu, tana rarrashin jariri. Duk lokacin da Sati ya kira takan ce, "Awaki fa?" ya ce lafiya. "Fulawa fa?" ya ce, "Yaya, sun kusa, aiki na tafiya daidai." Sai ta gode wa Allah da ya ba ta ƙane.

Ranar Alhamis ta dawo, godiyar kaka kuwa Lahadi. Ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi ɗakin keke. Ta tura ƙofa. An cire buhun taga, haske ya cika ɗakin, an share ƙasa tas. Ƙusoshi ne kawai a jikin azara, da robobi an tara su a gefe, an ɗaure da kyau.

"Sati!"

Ya fito daga bayan gida yana goge hannu a riga, fuskarsa cike da murna. "Yaya, sannu da zuwa! Ya mai jiki? Ya angon naki, jariri?"

"Ina fulawata?"

"Ai na gama miki. Zo ki gani."

Ya kai ta zaure. Buhu ne a jingine da bango, an danna shi ya cika tam, an ɗinke baki da basilla, ɗinki mai kyau irin na masu kai kaya kasuwa.

"Yaya, da kin ga yadda na same su. A duhu, ba rana, da karansu da komai! Na ce wannan kafin ki dawo sun yi fumfuna. Ni da na ga citta ta ruɓe a ɗaki, na san abin. Sai na sauke su, na tsinke kawunan kamar zoɓo, karan na ba awaki, sun ƙi ci ma. Na baza a kan kwanon rufi. Kullum sai na hau na juya su safe da yamma, wallahi har gwiwata ta kumbura. Taɓa ki ji. Ko shekara za su yi ba abin da zai same su."

Ta durƙusa ta warware ɗinkin da yatsu. Ta tura hannu ta ɗebo. Zankon zakara ya koma launin tsohuwar tabarma, yana marmashewa. Ɗan ƙaiƙayi ya fashe ya zama auduga. Maɓallan sun yi fari-fari kamar ƙwayar idon busasshen kifi. Babu kara ko ɗaya da za a soka a tulu.

"Yaya? Ba su bushe ba ne?"

Ta ɗaga kai ta dube shi. Furfura ta fara cin gemunsa, ga gwiwar da gaske a kumbure. Zagin ya zo mata har maƙogwaro, da yarensu ma, wanda ya fi zafi. Amma me za ta ce? Ita ta ce masa bushewa suke yi. A ƙasarsu kuwa, abin da ake so ya bushe rana ake kai wa, tun kakanni.

"Sun bushe, Sati," ta ce. "Sun bushe ƙwarai. Sannu da aiki."

Ta zagaya lambu. Abin da ya sake tohowa bai taka kara ya karya ba, awaki sun bi ta kai. Ko da akwai, fure ba ya bushewa a kwana uku. Ta zauna a kan turmi ta yi tunanin zuwa wurin Uwar Zumunta ta faɗi gaskiya. Ta san abin da za a ce: ayya Mama, Allah ya sa haka ya fi alheri, ki huta. A ba Marvellous bagade tun kafin Kirsimeti, a bar ta da ayya. Ta ji ba za ta iya zama a benci tana kallon hannun wata a kan tulunanta ba.

Da safiyar Juma'a ta hau bas zuwa Sabon Gari, ta rufe kai da mayafi kamar mai zuwa gidan boka. Shagon Madam Nkechinyere yana cikin layin masu kayan biki. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta 'yan Tudun Wada, kuma ta san Mama Susanna, don ta sha sayen kunun aya a wurinta.

"A'a! Mama mai fulawa a shagona? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Shigo, Mama, zauna. Ko kin zo ki yi mana wa'azi ne?"

"Saye na zo yi."

Madam ta dube ta da kyau, ta bar wasan. Ta shiga sauko da kaya, dami bayan dami. Mama Susanna ta ɗauki ɗaya, hannunta ya kai shi kunne da kansa, ta murza. Shiru. Ta juya shi. Furen kamar na wardi, ganyen kamar na rogo, ga wasu 'ya'ya a gefe kamar na barkono, duk a kara ɗaya.

"Wannan wane fure ne?"

"Ja ne, Mama."

"Na ga ja ne. Sunansa nake tambaya. A wace ƙasa yake fitowa?"

"Mama, abeg, a kwali yake fitowa. Akwai ja, akwai fari, akwai mai ƙyalli. Wanne za a ba ki?"

Ta zaɓa. Ko a nan ba ta iya zaɓen banza ba: ta ware masu ƙyalli gefe, ta nemi ja mai duhu, da ruwan ɗorawa, da 'yan ƙanana masu ruwan hoda. Madam ta naɗe mata a baƙar leda, ta ƙara mata dami ɗaya kyauta, ba ta tambaye ta komai ba. Wannan shirun ma ya yi mata ciwo.

Ranar Asabar ta shiga coci ita kaɗai. Ta yi aiki da filaya maimakon wuƙa, tana yanke waya, tana lanƙwasawa, tana cire ganyen da ya yi yawa. Dogaye a baya, gajeru a gaba, nauyi a ƙasa, sama ta sha iska, yadda ta saba. Ta soka zangarniyar dawa biyu-uku a tsakani don kada abin ya zama ƙarya zalla. Da ta ja baya ta duba, ta ga ya tsaru. Ta so a ce bai tsaru ba.

Lahadi coci ya cika har waje. Doya, buhunan masara, kaji a ɗaure, kabewa, duk an tara a gaban bagade. Mama Susanna ta zauna cikin anko na zumunta, tana jiran wani ya nuna da yatsa ya ce, wannan ai ba na Mama ba ne. Ta shirya amsa ma. Aka yi waƙa, aka yi rawa, aka kai baiko, kowa da abin da ya kawo wa coci. Sai Fasto ya ɗaga hannu.

"Jama'ar Allah, ku dubi bagaden nan. Shekara da shekaru Mama Susanna tana yi mana hidima, amma ni dai ban taɓa ganin ya yi kyau irin na bana ba. Ku tafa mata!"

Aka tafa, mata suka yi guɗa, mai ganga ya ƙara da nasa. Ta miƙe don an ce ta miƙe, ta zauna.

Bayan sujada Marvellous ta zo gaban bagade, ta kama fure ɗaya da yatsu biyu, ta saki. Ta matso kusa, ta rage murya.

"Na Madam Nkechi ne, ko? Na san kayan. Amma Mama, gaskiya kin iya jeri. Da ni ce, da zuba su kawai zan yi." Ta ɗan rusuna. "Bagade naki ne, na janye."

Uwar Zumunta ta rungume ta ta ce magana ta mutu, kamar yadda aka yi alkawari.

A bakin ƙofa Maman Bernard ta riƙo hannunta. Tsohuwar ƙawarta ce, tare suka yi goyo, tare suka yi takaba, kuma a benci na gaba take zama tun ginin laka, ba abin da ya raba ta da tulunan nan sai taku kaɗan.

"Susanna, kin kyauta. Wallahi kin kyauta. Yau na ga launi a cocin nan."

"Da fa? Da ba kya gani?"

"Ke ma dai. Na da ɗin ai haƙuri muke yi. Mun ga kina so, ga Shekari ya tafi ya bar ki da su, wa zai ce miki wani abu? Mu dai mukan ce, ku ƙyale ta, yana ɗebe mata kewa." Ta matse mata hannu da ƙauna. "Amma yanzu da kika gane da kanki, ai shi ke nan. Kin huta da wahalar lambu ma."

Mama Susanna ta zare hannunta a hankali. Mutane na wucewa suna cewa sannu Mama, Allah ya ƙara basira, tana amsawa da kai.

Har yau ita ke riƙe da bagade, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Duk Asabar da la'asar za ka gan ta ta nufi coci da ɗan bokiti da tsumma. Takan cire furannin robar ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta mayar. Aikin ba ya ɗaukar ta lokaci. Da ta gama takan zauna a benci na gaba, bokiti a gefen ƙafa, har mai gadi ya leƙo ya ce, "Mama, zan kulle."